Ciwon Ido Sai Haƙuri? Haƙurin Ya Ishe Mu

Hausawa sun ce ciwon ido sai haƙuri. Kakanninmu da suka yi wannan karin magana suna da uzurinsu, domin kuwa a zamaninsu wanda yana ta rufe wa ido ba shi da abin yi illa ya nemi ɗan jagora ya rungumi ƙaddara. Mu ba mu da wannan uzuri. Muna zaune ne a zamanin da likita ke cire yanar ido cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, majiyyaci ya kwana da bandeji ya wayi gari yana ƙirga yatsun mai jinyarsa. Abin takaici shi ne karin maganar nan ta tashi daga bakin tsofaffi masu lallashin jikoki, ta koma bakin mahukunta da masu neman suna, sun mai da ita garkuwa. Duk sa'ad da saurayi ko budurwa daga ƙasar Yauri suka koma suna kukan cewa aikin da aka yi musu a ido bai zaunu ba, amsar da ke jiransu ke nan: sai haƙuri. Mun ɗauki alƙalami yau domin mu ce wannan haƙurin ya ishe mu, mu kuma faɗi dalilinmu.

Bari mu fara da abin da muka shaida, tun da gani ya kori ji. Akwai wani ɗan'uwanmu, ɗalibi a shekararsa ta uku a wannan jami'a, ɗan wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji cikin ƙasar Ngaski. Ba za mu kama sunansa ba, domin ba neman tausayi ya kawo mu ba. Tun yana yaro yake fama da ƙaiƙayin ido, mahaifinsa kuwa duk ranar kasuwa in ya sayar da kifi sai ya biya kemis ya sayo masa wani maganin ɗigawa wanda ke kashe ƙaiƙayin nan take. Shekara da shekaru ana haka. Ba uban ba, ba ɗan ba, babu wanda ya san cewa maganin yana ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda in aka daɗe ana ɗiga shi ba tare da kulawar likita ba yakan jawo yana, yakan kuma jawo hawan jinin ido. Yana ɗan shekara 22 yana ta sauko masa a ido biyu, ciwon da muka saba gani ga 'yan shekara sittin.

A hutun ƙarshen zango aka yi shela cewa wani mai hali ya kawo likitoci za a yi aikin ido kyauta na kwana biyar. Ya bi layi tun asuba cikin ɗaruruwan tsofaffi. Aka yi masa ido ɗaya, washegari aka kwance bandeji ya ga fuskar mahaifiyarsa sarai, masu ɗaukar hoto suka ɗauka, aka miƙa masa kwalbar magani guda da baƙin tabarau na roba, aka sallame shi. Da ya dawo makaranta sai ya tarar yana hangen allo daga bayan ɗakin lacca, amma littafin da ke gabansa ya gagare shi karantawa. Babu wanda ya gaya masa haka za ta faru. Kafin shekara ta zagayo hangen nesan ma ya soma dusashewa, kamar mai kallo ta cikin hazon hunturu. Ya ci bashin kuɗin mota ya koma inda aka yi aikin. Likitoci sun tafi tun ranar da aka rufe taro, babu fayil, babu wanda ya san irin abin da aka sa masa a ido. Ma'aikacin jinyar da ya tarar, mutumin kirki wanda ba a ba shi kayan aiki ba, ya ce masa sai haƙuri. A ƙarshen shekara ɗan'uwan namu ya faɗi darussa huɗu, aka ce ya maimaita aji.

To, me ya same shi? Ya kamata mai karatu ya fahimci wannan, domin duhun kai game da shi ne jarin masu cewa sai haƙuri. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau wanda Allah Ya halitta da taushi, yana kumbura in mutum zai duba kusa, yana lafewa in zai hangi nesa. Yana ita ce dusashewar wannan madubi. Abin da likita ke yi shi ne ya cire shi ya sa na roba a gurbinsa. Madubin roba irin wanda aka saba sawa ba ya kumbura ba ya lafewa, tsaye yake a kan nisa ɗaya. Tsoho ɗan shekara saba'in ba zai ji wani bambanci sosai ba, tun da nasa madubin ya riga ya sandare tuntuni. Amma saurayi ɗan ashirin da biyu wanda rayuwarsa ke kan takarda, ranar da aka yi masa aiki ya zama mai bukatar tabarau na karatu har iyakar ransa. Auna wannan tabarau ba ya wuce 'yan mintoci, bayan mako huɗu zuwa shida da yin aiki, in ido ya lafa. Rashinsa ne ya fara kayar da ɗan'uwanmu.

Hazon da ya biyo baya kuwa sananne ne ga kowane likitan ido. Ana barin wata siririyar fata a bayan madubin roba domin ta riƙe shi, ita kuma takan yi kauri ta dusashe bayan watanni ko shekaru, kuma ta fi saurin yin haka ga masu ƙuruciya. Maganinta na'urar hasken leza, mutum yana zaune a kujera a huda ta cikin 'yan mintoci, babu yanka babu kwanciya. Bugu da ƙari, kafin a sa madubin roba ya kamata a auna tsawon idon da lanƙwasar gabansa domin a zaɓi wanda ya dace da shi, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi. Inda aka ƙi auna ido aka sa wa kowa madubi iri ɗaya, wasu za su dace, wasu kuwa su tashi da gani mai gardama. Akwai kuma mafi muni: in ƙwayar cuta ta shiga ido a makon farko, ya yi ja yana zogi, kwana ɗaya ko biyu na jinkiri sun isa a rasa idon ɗungurungum. Saboda haka ne ƙa'idar aikin ta ce a duba majiyyaci washegari, a sake dubawa bayan mako guda, a kuma dubawa bayan kamar wata guda ko fiye. Wanda ya yi yanka ya naɗe tabarmarsa ranar kwana biyar, rabin aiki ya yi, ya bar wa talaka rabin da ya fi wuya.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce kyauta ce, ba a raina kyauta; za a ce mu 'yan boko ne marasa godiya, muna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai muna kushe waɗanda suka zuba dukiyarsu don Allah. Muna amsawa da cewa mun ga tsofaffinmu da suka shekara biyar a ɗaka sun fito suna zuwa masallaci da ƙafarsu, mun kuwa gode wa duk wanda ya zama sanadi, musamman likitoci da ma'aikatan jinya masu wuni a tsaye. Amma ido ba shadda ba ne da za a ce in ɗinkin bai yi ba a ajiye a sayi wata. Mutum biyu ne kacal yake da su, wanda kuwa ya sa wuƙa a ɗaya ya ɗauki amana, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ladan da masu shirya irin wannan taro ke ci kuwa ba ƙarami ba ne: suna a rediyo, hoto a jarida, addu'ar jama'a, wani lokaci har da ƙuri'a. Suna sanar da mu cewa an yi wa mutum ɗari biyar ko dubu aiki. Ba mu taɓa jin wanda ya dawo bayan shekara ya sanar da mu mutum nawa daga cikinsu ke gani ba.

Wannan tambaya ba mu muka ƙago ta ba. A watan Mayu na 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Nijeriya ke cikinsa, ya amince da sabon ma'auni na aikin yanar ido wanda ba ya ƙirga kowa sai wanda aka yi wa aiki kuma ya samu gani mai kyau, aka kuma sa wa ƙasashe burin su ƙara wannan adadi da maki 30 cikin ɗari kafin 2030, tare da ƙarin maki 40 cikin ɗari na masu bukatar tabarau da suka samu wanda ya dace da su. Watau duniya ta daina ƙirga bandeji, ta koma ƙirga idanun da suka buɗe. Mu a nan har yanzu bandeji muke ƙirgawa muna tafi.

Kada kuma a zaci illar aikin da aka bari a rabi tana tsayawa kan mutum ɗaya. A ƙauye babu sirri. In saurayi ya je asibiti ya dawo yana laluben hanya, duk tsofaffin unguwar sun gani, kuma ranar da mai yawo da jakar magani ya sauka a gindin bishiyar kasuwa yana cewa zai kawar da yana da tsinke, wurinsa za su tafi. Abin da yake yi shi ne ya soka ƙarfe ya tura madubin da ya dusashe ya faɗa can cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, sa'an nan kumburi da hawan jinin ido su biyo baya. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yana ce ke da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido ya biyo da kusan kashi 17. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari masu tsinke ne suka yi shi, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu an tarar da su a makance. Kowane majiyyaci da asibiti ya watsar, talla ce kyauta aka yi wa mai tsinke.

Abin kunya ne a ce muna nan har yau. Kimanin shekara dubu da ta wuce wani likita Musulmi, Ammar al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami domin zuƙe yana maimakon tura ta. A 1949 wani likita Bature, Harold Ridley, ya sa madubin roba na farko a idon mutum a London. Shi ne kuma wanda a lokacin yaƙin duniya na biyu ya je arewacin ƙasar da ake kira Ghana a yau ya yi nazarin makantar kogi a ƙauyuka irin namu. A 1992 asibitin Aravind na Indiya ya kafa masana'antar da ta karya farashin wannan madubi har ya zama talaka yana iya samu. A nan gida asibitin ido na Kano da 'yan mishan suka kafa, wanda yanzu ke hannun ECWA, yana aiki tun 1943, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna kuwa an kafa dokarta tun 1979. Ilmi yana nan, kayan aiki suna nan. Abin da babu shi ne hanyar da za ta haɗa su da ɗan masunci na Wara ko ɗiyar manomi ta Shanga. Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi ta Koko da Jega tafiya ce ta kimanin kilomita 200, wanda ke kan gungu kuwa sai ya fara da kwalekwale. Mun san irin wannan tafiya ta ruwa: ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 da fasinjoji fiye da ɗari ba. A ce wa wanda aka yi wa aiki jiya ya yi wannan tafiya sau uku don a duba shi, daidai yake da a ce masa kada ya zo.

Muna kuma so mahukunta su tuna cewa ƙasar Yauri ba roƙo take yi ba, bashi take bi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da ya taru ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungaye da fadamu, aka tayar da mutum kimanin 44,000 daga gidajensu, cikinsu da Gungawa waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibiran Kwara, da Kambari, da sauran mutanen bakin kogi. Iyayenmu suka bar kaburburan kakanninsu a ƙarƙashin ruwa domin Legas da Kaduna su sami hasken lantarki. Jama'ar da ta ba da ƙasarta don wasu su ga haske, in ta nemi ɗakin duba ido mai likita da kayan aiki a babban garinta, ba ta yi zari ba. Akwai hukumar da aka kafa da doka a 2010 domin raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, mai hedkwata a Minna, Jihar Kebbi kuma tana cikinta. Muna ganin lafiyar idon mutanen bakin tafki tana cikin abin da ya cancanci kuɗinta.

In ana neman misalin yadda ake aiki ya zaunu, ba sai an je nesa ba. Makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙyanƙyasa a ruwa mai gudu ke yaɗawa, ta makantar da mutanen bakin koguna a Afirka ta Yamma har wasu garuruwa suka watse, Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da cutar. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta muddin ana bukatarsa. Binciken da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi a Jihar Kaduna ya nuna cewa maganin yana kare jijiyar gani. Amma ƙwayar maganin ba ta kashe uwar tsutsar da ke cikin jiki, wadda kan rayu har kusan shekara goma sha biyar. 'Ya'yanta take kashewa. Saboda haka dole a sha shi kowace shekara. Shirin Afirka na yaƙi da cutar, wanda ya yi aiki daga 1995 zuwa 2015, ya ɗora rabon maganin a hannun mutanen ƙauye da kansu: mutum ɗaya da sandar awon tsawo da littafin rajista, yana bin gida gida, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Dawowa ce ta ci nasarar wannan yaƙi, tare da littafin da aka rubuta sunan kowa. Su ne kuwa abubuwa biyu da taron aikin ido na kwana biyar ba shi da su.

Yanzu bari mu juyo gida, domin jami'a ma tana da nata kason. Tsarinmu ya san ɗalibi iri biyu kawai: mai gani da makaho. Wanda ke tsakani, mai ganin da bai kai ya karanta ƙananan baƙaƙe ba, ko wanda hasken rana ke kashe wa ido, ko wanda hawan jinin ido ya cinye masa gefe da gefe yana kallo kamar ta cikin kara mai rami, ba shi da suna a kowane fom. Ana buga takardar jarrabawa da baƙaƙe kamar ƙwayar gero, a sake ɗaukar hotonta har tawada ta koɗe, a ba shi sa'a biyu daidai da kowa. In ya roƙi zama a gaba sai an yi masa dariya, in ya roƙi ƙarin lokaci a ce yana neman hanyar satar amsa. Alhali kuwa a watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar ƙasa da ta haramta nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta yi wa makafi tanadi na musamman tun 2017. Ina amfanin a buɗe wa mutum ƙofar zaure sa'an nan a kulle masa ta tsakar gida?

Mu ma ɗalibai da ƙananan ma'aikata kada mu wanke hannunmu. Mu ne muke yi wa mai tabarau mai kauri laƙabi har ya cire ya ɓoye a aljihu ya riƙa tafiya yana tuntuɓe. Mu ne 'yan boko na gida waɗanda in ƙanenmu ya yi jan ido muke aika a sayo masa maganin ɗigawa ba tare da mun karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba ba. A gabanmu ake ɗiga wa yara ruwan sukari da ruwan ganye, har da fitsari, mu yi shiru don kada a ce boko ya lalata mu. A gidajenmu ake hana yarinya sa tabarau wai kada ta rasa miji, ake kuma ɓoye cewa an taɓa yi mata aiki kamar wani abin kunya ta aikata. Kuma mu ne, in muka kama aiki a ma'aikatar lafiya ko sakatariyar ƙaramar hukuma, muke rubuta rahoton taron aikin ido mu cika shi da sunayen manyan baƙi, mu bar shafin sakamako fari fat.

Tarihinmu bai koya mana raina mai raunin gani ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar masa jagorancin salla a Madina in zai yi tafiya. Malam Aliyu Namangi na Zariya bai ga baƙi da idonsa ba, amma ya bar mana Imfiraji, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Taha Husain na Masar ya makance tun yana ƙaramin yaro bayan wani wanda bai san aiki ba ya taɓa masa ido, ya yi karatu har Faransa, ya zama ministan ilmin ƙasarsa a 1950. Ba mu kawo waɗannan don a ce wa ɗan'uwanmu ga abin koyi, ya je ya yi haƙuri ba. Mun kawo su ne don a ga irin mutanen da al'umma ke asara duk ranar da ta ce wa mai raunin gani ya koma gida. Su ba su da mafita a zamaninsu; shi tasa mafitar tabarau ce guda da zaman minti goma gaban na'ura.

Saboda haka ga abin da muke nema, a fili, domin kada a ce mun yi ta surutu ba mu faɗi bukata ba.

Na farko, ma'aikatar lafiya ta jiha kada ta ba kowa izinin yin taron aikin ido, ko attajiri ne ko ɗan siyasa ko ƙungiyar agaji, sai ya rubuta ranakun da likitocinsa za su dawo duba waɗanda aka yi wa aiki, ya kuma ajiye kuɗin magani da tabarau na bayan aiki tun kafin a fara.

Na biyu, kowane majiyyaci a ba shi kati da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da irin aikin da aka yi masa, da ƙarfin madubin da aka sa, da alamun haɗari, da inda zai je in ya gan su. Kwafin wannan kati ya zauna a asibitin da aka yi aikin.

Na uku, duk mai shekara ƙasa da arba'in kada a yi masa aiki a layin taro. A auna shi a tura shi asibitin da ke da na'urar awon ido, mai shirya taron ya biya kuɗin mota, domin wannan ido zai yi masa aiki shekara hamsin nan gaba.

Na huɗu, a kafa sashen ido na dindindin a Yelwa, da likita da mai auna tabarau da na'urar leza, a kuma horar da ma'aikacin jinyar ido aƙalla guda a Wara da Shanga, da jirgin ruwa mai kai su gungaye bisa jadawalin da jama'a suka sani.

Na biyar, hukumomin da ke kula da sayar da magunguna su hana kemis sayar da maganin ido mai sitiroyid ba tare da takardar likita ba.

Na shida, hukumar jami'a ta auna idon kowane sabon ɗalibi, ta buɗe rajistar masu raunin gani, ta ba su takardar jarrabawa mai manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci da kujerar gaba a matsayin haƙƙi, ta kuma sa manhajar da ke karanta rubutu da murya a kwamfutocin ɗakin karatu, tun da akwai irinta kyauta. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa cikin jinyar ido a ba shi damar sakewa ba tare da an ɗora masa tabon faɗuwa ba.

Muna kuma kai kukanmu fadar Yauri. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kafin ya hau gadon sarauta. Babu wanda zai koya masa abin da shekara guda take nufi a rayuwar ɗalibi. In hakimai da dagatai suka ƙi ba mai tsinke masauki, suka kuma riƙa tambayar duk mai kawo likitoci ranar dawowarsa kafin su sa a yi shela, rabin wannan magana ta ƙare.

Namu aikin kuwa ba sai mun jira kowa ba. Hutu yana tafe. Kowane ɗayanmu da ya fito daga Yauri ko Ngaski ko Shanga ya sayi littafin rubutu guda ya tafi da shi gida. Ya bi unguwarsu gida gida, da izinin masu gida, ya rubuta duk wanda aka yi wa aikin ido cikin shekara biyar da suka wuce: shekarunsa, inda aka yi, ko an sake duba shi, ko an ba shi tabarau, ko yana gane fuskar mutum daga ƙofar zaure, ko yana iya karanta Alƙur'aninsa ko littafinsa. In an dawo mu haɗa littattafan a ofishin ƙungiyar ɗalibai, mu cire sunaye, mu ƙirga, mu buga sakamakon a wannan mujalla, mu aika kwafi Birnin Kebbi. Masu taro sun daɗe suna gaya mana mutum nawa suka yi wa aiki. Mu za mu gaya musu mutum nawa ke gani.